Ko Ya Kamata Mai Bi Ya Tafi Filin Wasa?

Wannan tambaya ta kan zo kowace shekara idan kaka ta yi. An yanke gero, an kai dawa rumbu, farin wata ya fito, sai ka ji kalangu yana tashi daga bayan gari. Tsaranka duka sun nufi can. Kai kuwa da ba ka daɗe da shiga hanyar Almasihu ba, ko kuwa kana bincike tukuna, zuciyarka ta rabu biyu. Wani ya ce maka dukan wasa na Shaiɗan ne, ka zauna gida. Wani ya ce ai wasa wasa ne, ba ruwan addini da shi. Dukansu biyu sun yi garajen magana. Ba shi yiwuwa a amsa tambayar nan sai an san abin da wasa ya ke, da aikin da ya ke yi wa gari. Saboda haka bari mu fara daga can.

Wasa ya girme mu duka

Mutanen Birnin Kudu sun san Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda mutanen dā suka zana shanu a jikin dutse, shanu marasa tozo, ba irin waɗanda Fulani ke kora yanzu ba. Kusa da zanen akwai duwatsu masu amo. Idan ka ɗauki ƙaramin dutse ka ƙwanƙwasa, sai su amsa kamar kuge. A shekarar 1955 wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya gan su, ya rubuta labarinsu, daga nan sunan Birnin Kudu ya shiga littattafai na ƙasashe masu nisa. Abin lura shi ne, wurin da a ke bugun nan ya lotsa, ya yi santsi. Dutse kuwa ba ya lotsawa da bugun mutum ɗaya, ko na tsara ɗaya. Ashe tun kafin kakannin kakanninmu mutanen ƙasan nan suna taruwa wuri ɗaya su yi kiɗa.

To, dubi yaran da ke dandali da dare, daga Kantoga har Basirka. Idan suna langa, kowane yaro ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya, ya riƙa tsalle da ɗayar. Kowane ɓangare yana da wanda a ke kira ruwa, aikin sauran kuwa su tsare shi, su ture masu tare masa hanya, har ya kai wurin sha. Ƙaƙƙarfan yaro ya kan ƙarar da ƙarfinsa domin wani ya isa, shi kuwa ba a ambaci sunansa ba. 'Yan mata idan suna gaɗa, ɗaya ta juya baya ta sake jiki ta faɗa hannun ƙawayenta, ba ta waiwaya, gama ta amince za su cafe ta. Dattawa kuma a gindin itace suna dara, rami 30, kowa da 'ya'ya 12, mutum ya yi shiru yana lissafin tafiya uku nan gaba kafin ya motsa tsinke ɗaya. Babu malami a wurin, babu allo, babu bulala. Duk da haka ana koyon taimakon juna, da amana, da haƙuri, da yadda mutum zai ji an ce an cinye shi ya yi dariya ya sake jera 'ya'yansa.

Wasannin manya su ma suna da tarihi. Dambe tun asali na mahauta ne. Da kaka, sa'ad da manoma suka sami abin hannu, ana bukukuwa ana yanka, mahauta su kan bi gari gari, su yi fawa da rana, da yamma samarinsu su shiga fili da samarin garin. A kan naɗe hannu ɗaya da ƙyalle da zare, shi ne mashi, ɗayan a miƙa shi gaba a buɗe, shi ne garkuwa. Turmi uku a ke yi. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an ce an kashe shi. Ka ji kalmomin: mashi, garkuwa, kisa. Harshen yaƙi ne, amma wanda aka kashe ya kan tashi ya kaɗe ƙura.

A shekarar 1824 wani matafiyi Bature, Hugh Clapperton, wanda mutane suka sa wa suna Abdullahi, ya sauka Kano. Ya ji labarin 'yan damben Hausa, ya ba da wuri 2,000 domin a yi a ƙofar masaukinsa. Ya rubuta cewa mahautan gari ne suka zo da makaɗansu, 'yan mata suka bar tulunansu a bakin rijiya, masu talla suka bar kasuwa, kowa ya sheƙo kallo. Ya kuma roƙa kada a yi na gaske, gama an faɗa masa damben gaske ya kan kai ga mutuwa. Shekara 200 ke nan, amma wanda ya karanta labarin zai ce jiya aka yi. Daga baya dambe ya sami ɓangarori, Kudu da Arewa da Guramada da Jamus, ya sami mawaƙa irin su Ɗan Anace, wanda ya sa sunan Shago ya kai inda Shago bai taka ba.

Kokawa kuwa ta manoma ce, babu naushi a cikinta, sai kama da dabara da kaye. A Jamhuriyar Nijar gwamnati ta ɗauke ta, tun daga 1975 da aka fara a Tawa a kan tara 'yan kokawar jihohi duka su nemi takobi, wanda ya fara ɗaukarsa kuwa Kantu ne na Maraɗi. Samarin Fulani su ma suna da shaɗi, inda saurayi ke tsayawa ƙirji a buɗe, madubi a hannu, a zuba masa tsumagiya, shi kuwa kada fuskarsa ta motsa.

Mene ne a ke kira wasa?

Me ya sa garuruwa suka riƙe waɗannan abubuwa shekara da shekaru? Domin kowane gari yana da samari, kowane saurayi kuwa yana da ƙarfin da ya fi aikinsa yawa, musamman da rani sa'ad da gona ta huta. Ƙarfin nan kamar ruwan kogi ya ke da damina: in ba a yi masa hanya ba, shi zai yi wa kansa, ta cikin gidan wani. Kakanni suka shata fili, suka sa dattawa a gefe, suka ce, ku gwada ƙarfinku a nan, a gaban kowa, bisa ga ƙa'ida. Ƙauyuka biyu da ke hararar juna saboda iyakar gona ko mashaya su kan haɗu a filin kokawa, a yi kaye, a yi shewa, a ci tuwo tare. A nan ɗan talaka ke yin suna wanda dukiya ba ta saya. A nan kuma sau da yawa a ke ganin juna har a kai ga aure.

Harshenmu kansa ya bayyana asirin. Bahaushe ya kan ce Kanawa da Zagezagi abokan wasa ne, haka Fulani da Barebari, haka taubasai, haka kaka da jika. Wane ne abokin wasanka? Shi ne wanda zai faɗa maka maganar da in wani ne ya faɗa sai an kai ga alƙali, amma daga bakinsa ba ka da ikon yin fushi. Watau wasa faɗa ne wanda aka zare wa dafi. Ka riƙe wannan ma'auni, gama da shi za mu auna sauran maganar. Muddar wanda aka kayar zai tashi, su biyu su sa hannu a ƙwarya ɗaya, wasa ne. Ran da dafin ya komo, ko da ana kiɗa, ko da ana kiransa wasa, ya zama wani abu dabam.

Littafi Mai Tsarki bai ƙi wasa ba. Annabi Zakariya, sa'ad da ya ke kwatanta birnin da Allah ya mayar wa da salama, alamar da ya bayar ita ce tsofaffi zaune a titi da sandunansu, yara maza da mata kuma sun cika hanyoyi suna wasa. Duk wanda ya taɓa ganin garin da tsoro ya hana yaransa fita dandali ya san gaskiyar wannan. Manzo Bulus kuma ya zauna a Korinti, kusa da inda Hellenawa ke yin babban taron tsere da kokawa da dambe bayan kowace shekara biyu. A cikin wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 9, ya ɗauki mai tsere da ɗan dambe ya yi misali da su: yadda su ke hana kansu abin da rai ke so, su hori jikinsu, duk domin rawanin ganye mai bushewa. Bai zage su ba. Kunyata mu ya yi da himmarsu.

Amma Littafin nan ya ba da wani labari kuma, a Sama'ila ta biyu, sura 2. Rundunar Yowab da ta Abner suka haɗu a bakin tafkin Gibeyon, waɗannan a wannan gefe, waɗancan a wancan. Shugabannin suka shirya samari su tashi su yi wasa a gabansu, 12 daga nan, 12 daga can. Kowane saurayi ya cafki kan abokin karawarsa ya soke shi da takobi, su 24 duka suka faɗi wuri ɗaya, ran nan aka yi mummunan yaƙi. Sunansa wasa, amma zukatan da suka shiga filin cike su ke da gaba. Manyan da suka shirya shi kuwa suna zaune lafiya a gefe.

Inda dafin ke shiga

Ƙofa mafi faɗi ita ce caca. A dā mai kallo ya kan yi wa gwaninsa kari don jin daɗi, ya manna masa kuɗi a goshi, wannan kyauta ce, ba laifi. Caca dabam ce. Mai caca ba ya ganin gwaninta, kuɗinsa kaɗai ya ke gani. In gwaninsa ya faɗi, ba ya iya tafa wa wanda ya yi kaye, gama kayen ya cinye masa kuɗin cefane. Yau kuwa ba sai an je fili ba. Ƙwallon ƙafa, wadda ta shigo ta makarantu da bariki, ta zama wasan kowa. A 1949 'yan ƙwallon Nijeriya suka je Ingila, yawancinsu suna bugawa ba takalmi, a 1996 kuma suka ciwo lambar zinariya a Atlanta ta Amurka, duniya ta yi mamaki. Abin murna ne. Amma yanzu saurayi yana zaune a Gwaram ko Babaldu, da waya a hannu, ya zuba kuɗin riɗin da ya sayar a kasuwar Sara a kan wasan da a ke yi a wata ƙasa, tsakanin mutanen da ba su san da shi ba. Ya ci sau ɗaya, ya faɗa wa kowa. Ya faɗi sau goma, bai faɗa wa kowa ba. Daga nan sai bashi, daga bashi sai ƙarya, daga ƙarya sai hannu ya kai ga buhun da ke ɗakin uba. Masu shirya cacar nan sun yi lissafinsu tun kafin ka sa kwabonka. Da ana cin su, da sun rufe. Ka tuna sojojin da suka zauna a gindin gicciye suna jefa ƙuri'a a kan rigar Ubangiji: idonsu na kan riga, ba su ga abin da ke faruwa bisa kansu ba. A kan wannan magana ba ka da saɓani da maƙwabtanka Musulmi, gama malamansu ma sun hana caca sarai. Kada a ce mai bi ne ya fi kowa sakaci a kanta.

Ƙofa ta biyu ta fi wuya, domin ta shafi tsoro. Ɗan dambe da ɗan kokawa su kan shiga fili da guru a ƙugu, da kambu a dantse, an je wurin boka, an yi wanka da sassaƙe, an binne abin da aka binne. Idan kai ɗan kokawa ne ka ba da gaskiya, ranar da za ka fara shiga fili ba kome a jikinka sai walki, za ka ji kamar tsirara ka ke. Mai yiwuwa ne kuma a kayar da kai ran nan, mutane su ce, ai ga shi, ya kwance maganinsa. Kada mu ruɗe ka da cewa bangaskiya za ta sa ka yi kaye kullum, ba a yi mana wannan alkawari ba. Amma ka yi tunani da hankalinka. Kowane karo mutum biyu ke shiga, kowannensu ɗauke da guraye, kowannensu boka ya tabbatar masa, ɗaya kuwa lalle ya faɗi. Rabin gurayen da suka taɓa shiga fili sun sha ƙasa tare da masu su, ba wanda ya koma ya karɓi kuɗinsa. Abin da ke kaye shi ne ƙarfi da horo da sanin lokacin da ƙafar abokin karawa ta yi sako-sako. Ka shiga da waɗannan. In ka yi kaye ka gode wa Wanda ya ba ka jiki, in an kayar da kai ka tashi ka miƙa hannu. Ba za ka iya dogara ga Allah ran Lahadi ka dogara ga ƙahon boka ran kasuwa ba.

Ƙwaya da wiwi da waɗansu ke sha domin kada su ji zafin naushi, ba sai mun tsawaita ba. Zafi ɗan aike ne mai faɗa maka jiki ya kai iyaka, wanda ya kashe ɗan aiken bai hana saƙon zama gaskiya ba.

Sai gaba. Abin kunya ne a ga samari biyu 'yan unguwa ɗaya sun fito daga gidan kallon ƙwallo ba su magana da juna, har a zare wuƙa, saboda ƙungiyoyin Ingila ko na Sifen. Kakanninsu sun yi dambe da hannu, jini ya fita, suka tafi gida tare.

To, dambe fa?

A nan za mu faɗi ra'ayinmu a fili, ko da ba zai yi wa kowa daɗi ba. Langa da dara da tsere da ƙwallo da kokawa, ka yi su da zuciya ɗaya, ka kuwa yi ƙoƙari ka gwanance. Dambe da shaɗi ba daidai su ke da waɗannan ba. A kokawa nufinka ka kai mutum ƙasa, rauni in ya zo tsautsayi ne. A dambe kuwa naushin kai shi ne abin nema, likitoci kuma sun tabbatar cewa bugun kai da a ke maimaitawa yana taɓa ƙwaƙwalwa, ko da ba a ga alama ba sai bayan shekaru. Masu kiɗa suna wasa gwani muddar yana kisa. Ka tambayi kanka wa ke kai wa tsohon ɗan dambe hatsi sa'ad da haƙora suka zube, hannu yana rawa, ba ya iya riƙe fartanya. Jikin da ke gabanka a fili halittar Allah ne, yana da uwa, watakila yana da 'ya'ya. Ba mu ce ɗan dambe ya fi sauran mutane zunubi ba, akwai masu kirki da kunya a cikinsu fiye da waɗansu masu zagin su. In sana'ar gidanku ce, kada ka raina ubanka saboda ita. Amma ba mu ba mai bi shawara ya ɗauke ta ba, in kuwa yana ciki, ya fara neman wata hanyar abinci.

Masu bi na farko sun sha irin wannan tambaya, tasu ma ta fi tsanani. A Roma a kan sa bayi su yi faɗa da takuba har mutuwa, dubban mutane suna kallo suna ihu. Masu bi suka ƙi zuwa, aka ce da su maƙiyan jama'a. Masu tarihin Ekklesiya sun ce wajen shekara ta 404 wani mai ibada, Telemakus, ya shiga tsakanin masu faɗa biyu domin ya raba su, 'yan kallo suka jejjefe shi har ya mutu, Sarki Honoriyus kuwa ya hana wasan. Ka lura, tsere da kokawa ba su ne suka sa shi shiga fili ba. Jinin mutum da aka mayar abin nishaɗi ne.

Kada ka janye daga dandali

Akwai kuskuren da sabon mai bi ya kan yi da kyakkyawar niyya. Ya daina zuwa ko'ina, ya daina dariya da tsaransa, ya zauna a zaure da fuska a murtuke, yana tsammani wannan ne tsarki. Mutanen gari kuwa su ce, wannan hanya tana raba mutum da danginsa. Kai ka ba su wannan magana. A garuruwan nan masu bi kaɗan ne, idon kowa yana kanka, kuma ba a ɗakin sujada su ke ganinka ba, gama ba su shiga can. A fili su ke ganinka: ko ka kan faɗi gaskiya idan ƙwallo ta fita ta ƙafarka, ko ka kan zagi alƙalin wasa, ko ka kan ɗaga wanda ka kayar. Idan an rasa wanda ɓangarori biyu za su yarda ya raba gardama, ya kamata a ce, a kira wane, ba ya ƙarya ko don garinsu.

Saura maganar ran Lahadi, gama sau da yawa a kan sa wasa a lokacin sujada. Akwai wani mutumin Sikotlanda, Eric Liddell, wanda ya fi kowa gudu a ƙasarsu. A wasannin duniya da aka yi a Faris a 1924, aka sa zagayen farko na tseren mita 100 ran Lahadi. Tseren da ya fi gwaninta a kai ke nan, amma ya ce ba zai yi ba. Waɗansu suka zarge shi da yin watsi da ƙasarsa. Ya shiga na mita 400, wanda ba a sa masa rai sosai ba, ya zo na ɗaya. Shekara ta gaba ya bar suna da tafi, ya tafi ƙasar Sin yana koyarwa. Da yaƙin duniya na biyu sojojin Japan suka tsare shi a wani sansani tare da ɗaruruwan mutane, har da yara masu yawa waɗanda aka raba da iyayensu. Shi ne ya riƙa shirya musu wasanni, yana gyara sandunan wasan da suka karye, yana yi musu alƙalanci, amma ban da ran Lahadi. Waɗanda suka zauna tare da shi sun ba da labari cewa wata Lahadi yaran suka shirya wasansu su kaɗai, ba babba a wurin, wasan ya ƙare da faɗa. Lahadi ta gaba sai ga shi ya fito fili ya tsaya tsakaninsu yana alƙalanci. Ya rasu a sansanin nan a watan Fabrairu na 1945, watanni kaɗan kafin a buɗe ƙofa.